Wutar Hijaz da Tsagewar Bahar Maliya

Tsibirin Larabawa ɓangaren Afirka ne a da. Wajen shekara miliyan 30 da suka wuce ɓawon ƙasa ya fara tsagewa a yankin, tsagar ta yi ta tsawo tana faɗi har ruwan teku ya kwararo ya cika ta. Ita ce Bahar Maliya, mai tsawon fiye da kilomita 2,000, wadda alhazan ƙasar Hausa da suka bi ta Sudan a ƙasa suke tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda. Wanda ya dubi taswira zai ga gaɓar gabas da ta yamma sun yi daidai da juna kamar ɓarin ƙwarya biyu, kuma har gobe gaɓoɓin suna ƙara nisa da kimanin santimita ɗaya kowace shekara.

Dalili shi ne ɓawon duniya ba dunƙule yake ba. Ya rabu zuwa manya-manyan farantai da ke tafiya a hankali a kan dutse mai tsananin zafi da laushi. Bajamushe Alfred Wegener ya kawo maganar tafiyar nahiyoyi a 1912, amma masana ba su karɓa ba sai a shekarun 1960, bayan an auna ƙasan tekuna. Farantin Larabawa ƙarami ne, sai dai ya tara iyakoki iri uku: ta yamma da kudu yana rabuwa da Afirka, ta arewa maso yamma yana gogar maƙwabcinsa, ta arewa maso gabas kuma yana karo da farantin Turai da Asiya. Kowace iyaka ta bar sawunta a tarihin mutanen da ke zaune kusa da ita.

Inda faranti biyu suke rabuwa, narkakken dutse ne ke tasowa ya cike gurbin. A tsakiyar Bahar Maliya akwai kwari mai zurfin da ya kai mita 3,000, kuma a can ake samun sabon ƙasan teku. Wani lokaci wutar kan fito fili: tsibirin Jabal al-Ɗair na Yaman ya yi aman wuta a 2007, sannan sababbin tsibirai biyu suka ɓullo a rukunin Zubair a 2011 da 2013. Bakin tsagar kuma ya ɗaga sama, shi ne ya zama jerin duwatsun Sarawat da suka miƙe daga Hijaz har Yaman, inda Dutsen Annabi Shu'aibu ya kai mita 3,666. Sanyin Ɗa'ifa da inabinta, alhali Makka na ƙasa cikin zafi, wannan ɗagawar ce ta haifar da su.

Bayan duwatsun, ta cikin ƙasa, akwai filaye masu faɗi na baƙin dutse mai kaifi waɗanda Larabawa ke kira harra. Tsohon aman wuta ne da ya daskare. Ba a kan iyakar farantin suke daidai ba, amma masana na danganta su da miƙewar da ɓawon ƙasa yake yi da kuma zafin da ke ƙarƙashin yankin. Madina tana zaune ne tsakanin irin waɗannan filaye, Harrar Waƙim ta gabas da Harrar Wabara ta yamma. Doki ba ya iya gudu a kansu, raƙumi ma da ƙyar yake ratsa su. Wannan na cikin dalilan da suka sa a Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira, ta arewa aka haƙa ramin, domin ta nan ne garin yake a buɗe.

A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, mutanen Madina suka ga yadda harra ke samuwa da idonsu. A farkon watan Jumada Akhir ƙasa ta yi ta girgiza kwana da kwanaki, ana jin ruri kamar na tsawa. Daga nan ƙasa ta tsage a Harrat Rahat, wajen kilomita 20 kudu maso gabas da gari, wuta ta tashi sama. Narkakken dutse ya malalo arewa, ya yi tafiyar kimanin kilomita 23, ya bi ta gabashin gari ya tsaya kilomita kaɗan daga gare shi. An ɗauki wajen kwana 52 ana wannan hali. Abu Shama, malamin tarihi na Dimashƙa wanda ya rayu a lokacin, ya adana wasiƙun da aka aiko daga Madina, Ibn Kasir da Samhudi kuma suka ruwaito labarin daga baya. Sun ambaci cewa jama'a sun taru a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maza da mata suna kuka suna tuba, kuma sarkin garin ya 'yanta bayinsa ya mayar wa mutane haƙƙoƙinsu. An ce an hango hasken daga wurare masu nisan gaske, malamai da dama kuma suka danganta abin da hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim game da wutar da za ta fito daga Hijaz. Dutsen da ya daskare ya toshe wani kwari, ruwan sama ya riƙa taruwa a bayansa. Wannan ruwaya tana da daraja ƙwarai, domin masu binciken zamani da suka auna wurin sun tarar da bakunan wuta shida a jere kan tsaga ɗaya, kuma abin da suka gani ya yi daidai da abin da magabata suka rubuta.

Wutar ba ta mutu ba. A 2009 an yi girgiza fiye da 30,000 cikin 'yan watanni a Harrat Lunayyir, arewa maso yammacin Madina. Ƙasa ta dare tsawon kilomita 8, hukuma ta kwashe mutane wajen 40,000 daga garin Al-Is da kewayensa. Narkakken dutsen ya taso kusa da doron ƙasa, sannan ya tsaya bai fito ba.

Iyaka ta biyu ta tashi daga mashigin Aƙaba ta bi ta Mataccen Teku da kwarin Kogin Urdun har kudancin Turkiyya. A nan farantin Larabawa yana zamewa arewa ne yana gogar ƙasar da ke yammacinsa, kuma ɓangarorin biyu sun goce wa juna da fiye da kilomita 100. Duwatsu kan cije shekaru aru-aru, sannan su suɓuce lokaci guda. Girgizar 749 ta rushe Ɗabariyya da Jarash, ta kuma lalata Masallacin Ƙudus. Ta 1033 ta sake taɓa shi, haka ma ta ranar 11 ga Yulin 1927, wadda ta fi yi wa Nablus ɓarna. Wani sashe na tarihin gine-ginen masallacin tarihin gyara ne bayan girgiza.

A arewa maso gabas kuwa karo ake yi. Da yake ƙasa ce ta haɗu da ƙasa, sai shimfiɗun dutse suka nannaɗe suka tashi, suka zama duwatsun Zagros na Iran da Iraƙi, masu tsawon kusan kilomita 1,600. A cikin lanƙwasar waɗannan shimfiɗu man fetur ya taru, kuma a gindinsu aka haƙo shi a Masjid Sulaiman a 1908. Matsin nan ne kuma yake tura ƙasar Anadolu yamma. A kan tsagar da ta raba ta da farantin Larabawa aka yi girgizar ranar 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin maki 7.8, wadda ta kashe fiye da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya.