Rezolushan na ciki

Rezolushan na ciki shi ne yawan ɗigon hoto, wato fiksel, da imuleta take amfani da su wajen zana hoton wasan bidiyo kafin ta nuna shi a fuskar waya ko kwamfuta. Imuleta manhaja ce da take kwaikwayon na'urar wasa, ta yadda za a buga wasannin PSP, PlayStation 2 ko GameCube a wata na'ura daban. Wannan saiti ya bambanta da girman fuskar na'urar, domin hoton da aka zana da ɗigo kaɗan idan aka baza shi a babbar fuska yakan fito dishi-dishi.

Yadda ake lissafa shi

Kowace na'urar wasa tana da ma'auninta na asali, kuma imuleta tana ninka shi ne. PSP, wadda kamfanin Sony ya fitar a Japan a watan Disamba na 2004, tana da ɗigo 480 a faɗi da 272 a tsaye, jimilla 130,560. A manhajar PPSSPP, wadda Henrik Rydgård ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2012, saitin 2x yana ba da 960×544, shi kuwa 4x yana ba da 1920×1088. Tun da faɗi da tsayi duk ake ninkawa, 2x yana nufin ɗigo ninki huɗu, 4x kuma ninki goma sha shida. A Dolphin, imuletar GameCube da Wii da ta fara fitowa a 2003, ma'aunin asali 640×528 ne, kuma 3x yana ba da 1920×1584.

Amfani da illa

Ƙara rezolushan yana gyara gefen siffofin 3D, kuma abubuwan da suke nesa a cikin wasa suna fitowa tas. Amma ba ya ƙara wa bidiyon da ke cikin wasan kyau, haka ma rubutu da hotunan 2D, saboda tun asali da ƙaramin ma'auni aka yi su. A wasu wasannin yakan jawo siraran layuka tsakanin hotuna, ko haske ya goce daga inda ya kamata.

Nauyin aikin yana kan sashen zane na na'urar. Idan ya fi ƙarfinta, wasa yakan riƙa tsaitsayawa, sauti ya kakkatse, waya ta ɗau zafi, batir ya ƙare da wuri.

Zaɓen saiti

A arewacin Najeriya matasa da yawa suna buga wasannin ƙwallo da PPSSPP a wayoyin Android. Yawancin masu sauƙin kuɗi fuskarsu 720×1600 ce. Idan aka kwantar da irin wannan waya tsayin fuskar ɗigo 720 ne, don haka 3x, mai tsayin 816, ya riga ya wuce abin da za ta iya nunawa. A jihohi irin su Zamfara, inda zafin bazara yakan kai digiri 40, waya tana rage gudunta da kanta idan ta yi zafi, saboda haka saitin da ya yi kyau da farko yana iya gazawa bayan ɗan lokaci.

Hanyar da aka saba bi ita ce a fara daga 1x, a riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa a wurin da wasan ya fi cunkoso, a tsaya kafin gudu ya ragu. Idan ko a 1x wasan yana jan ƙafa, galibi matsalar daga furosesa take, kuma wannan saiti ba zai magance ta ba.