Tunkuzar angurya

Tunkuzar angurya ita ce abin da ke saura bayan an matse mai daga 'ya'yan auduga. A yankin Sarandosa, Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, kamar sauran ƙasar Hausa, masu turke kan haɗa ta da dusa da harawa don kiwata raguna da shanu, musamman gabanin Babbar Salla.

Wadda aka cire wa ɓawo tana da furotin kusan kashi 40 cikin 100. Ga aladu masu tasowa da kaji kuwa, ƙarfin da take bayarwa bai kai na waken suya ba, saboda ɓawon da ya rage a cikinta ba ya narkewa sosai a cikinsu. Tana kuma da gosifol, guba da ke lahanta zuciya da hanta, shi ya sa ake ba su kaɗan. Manyan dabbobi masu tuƙa sun fi jure shi.