Daga Tattali Zuwa Maneji: Kalmomin Riƙon Gida a Kakau

Ka tambayi magidanci a Kakau yaya iyali, da wuya ya ce maka "muna tattali". Abin da za ka ji shi ne "Alhamdu lillahi, ana maneji", wasu kuma su ce maleji. Daga Turanci aka aro kalmar, alhali Hausa ba ta rasa nata ba: ga tattali, ga tanadi, ga tsimi. Me ya sa aka tsallake ukun nan aka je aro?

Kowacce da aikinta. Tattali kula ne da abin da ke hannu don kada ya lalace, shi ya sa ake cewa mace tana tattalin mijinta, ake kuma cewa tattalin arzikin ƙasa. Tanadi gaba yake kallo: tanadin azumi, tanadin damina, tanadin kayan ɗakin 'ya tun tana firamare. Tsimi kuwa ajiya ce mai daɗewa, wadda ba a taɓa ta sai ta ɓaci. A can ɗaya gefen akwai rowa da maƙo da ƙwauro, sunayen da ake jifan wanda ya wuce gona da iri, sai almubazzaranci da muka samo daga Larabci don mai ɓarna. Uwargidan da ta rage naman miya don gobe tattali ta yi. In baƙo na zaune ta rage, makwabta rowa za su ce. Amma duka ukun nan na farko suna da sharaɗi guda: sai da rara. Maneji kuwa daga inda rara ta ƙare yake farawa. Mai maneji ba ajiya yake yi ba, jan abin da bai isa ba yake yi har ya kai ƙarshen wata.

Kakau wuri ne da ake jin wannan bambanci a aljihu. Garin yana ƙaramar hukumar Chikun, a bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, gaba da Gonin Gora. Gbagyi manoma ne tushensa, sai ma'aikata da 'yan kasuwa da tsadar haya a cikin garin Kaduna ta turo. Sauƙin hayar kuwa kuɗin mota ke cinye shi, musamman tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Wanda zai tafi kasuwar Monday ta Kakuri ko Kasuwar Barci don neman arha dole ya fara lissafa zuwa da dawowa. Sau da yawa lissafin ba ya fita, sai a tsaya a shagon unguwa.

A shagon nan ne ake ganin yadda ma'auni ke ƙanƙancewa. Da, maganar awo maganar buhu ce, ko tiya, ko mudu, wanda asalinsa mudun Larabawa ne da ake fitar da zakkar kono da shi. Yanzu an sauko gwangwanin madara, daga nan ƙulli. Ka tsaya da hantsi ka ga yarinya ta zo da kuɗi a dunƙule a hannu: "Baba, wai a ba da man gyaɗa ƙulli ɗaya, da magi biyu, da omo na hamsin." Mai shago ya kamfato mai da ludayi ya zuba a farar leda, ya murɗe bakin ya ƙulle, ya ɗora a kan tire tare da 'yan uwansa. (Magi da omo ma sunayen kayan kamfani ne da suka zama sunan kowane ɗanɗano da kowane garin sabulu.) Ana kiran wannan saye maneji, amma ni ban yarda tattali ba ne. Wanda ya sayi mai ƙulli-ƙulli har ya cika kwalba ya biya fiye da wanda ya sayi kwalbar gaba ɗaya, domin kowane ƙulli da ribarsa da kuɗin ledarsa. Mara ƙarfi ne ke sayen kaya da tsada.

Maganin wannan ma yana da tsofaffin sunaye. Sari shi ne saye da yawa a farashin 'yan kasuwa, kuma ba dole sai ɗan kasuwa ba: mata huɗu ko biyar kan haɗa kuɗi su sari buhun masara lokacin kaka su raba. In sa aka haɗu aka saya aka yanka aka kasa, sunansa watanda, wanda kasuwarsa ke buɗewa gab da sallah. Adashe kuma shi ne hanyar da mai ƙaramin samu ke kaiwa ga kuɗin sari. Yana da ƙamus ɗinsa: zubi, ɗauka ko kwasa, da uwar adashe wadda amanar kowa ke wuyanta. Ba riba a cikinsa ko ta sisi, abin da ka zuba shi za ka kwasa. Amfaninsa kunya ce: mutum zai iya fasa asusunsa da tsakar dare ba wanda ya gani, amma ba zai so a ce shi ya karya zubi ba. Asusun kansa ana danganta sunansa da esusu na Yarbawa, sai dai a wurinsu esusu shi ne adashen, mu kuma muka ba wa ɗan tulun ƙasa ko gwangwani mai tsaga sunan. Kalmar ta haye teku har tsibiran Karebiyan, inda ake ce wa adashe susu.

Akwai wata kalma da ke neman ɓacewa, wato gyara. Bayan an yi tayi, an ce albarka, an sallama, sai mai saye ta ce "Malam, ba gyara?" a ƙara mata tumatir biyu a kan kashi. Yau amsar da aka fi ji ita ce "Hajiya, wallahi ba ta fita."

A madafa ma haka abin yake, tsofaffin sunaye na rara ne. Ɗumame tuwon jiya ne da ya yi saura. Ƙanzo abin da ya kama a gindin tukunya ne, a kankare a shanya. Kauɗa tumatir ne da aka yanka aka busar lokacin da yake banza a kasuwa, don damina da yake gagarar talaka. Sababbin sunayen kuwa da haushi aka raɗa su, har da ba'a. Murhun da ake dura wa garin katako sunansa abacha, tun wahalar kananzir ta zamanin mulkin Janar Sani Abacha, 1993 zuwa 1998. Mutumin ya rasu, sunan yana nan a bakin mata, har wasu na kiran kurfotin gawayi da shi, kuma duk lokacin da gas ya tashi sai a jawo shi daga bayan ɗaki. A farkon 2024 sunan afafata ya bazu daga Kano har kafafen labarai na waje suka ɗauka: tsakin shinkafa ne da masu injin casa ke warewa, wanda a da masu kiwon kifi ke saya. An sa mata sunan ne don sai an fafata kafin ta dahu, a sake fafatawa kafin a ci. Mai dafa ta sai ta zauna da faifai ta tsince tsakuwa da ƙaiƙayi, ta wanke ta sake wankewa, kuma gawayin da take ci kafin ta yi laushi yana rage wani abu daga sauƙin da aka samu wajen awo.