Tashe a Matsayin Tushen Koyar da Wasan Kwaikwayo a Manyan Azuzuwan Firamare: Duba daga Kafinsoli

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda hukumar NERDC ta tsara bayan dokar UBE ta 2004, ta haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo cikin darasi guda na al'adu da fasahar ƙirƙira. A takarda ke nan, ɗan aji huɗu zuwa shida a Kafinsoli ta ƙaramar hukumar Kankiya, ko a ƙauyukan Kusada, yana da haƙƙin a koya masa wasan kwaikwayo kamar takwaransa na Legas. Sai dai wanda ya san firamaren karkara ya san yadda darasin yakan kasance, in ma an yi shi: malam ya rubuta ma'anar wasan kwaikwayo a allo da Turanci, ya jero ire-irensa, yara su kwafa su haddace, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa. Har a tashi babu yaron da ya miƙe daga mazauninsa. Hujjar wannan maƙala ita ce an fara darasin daga inda bai dace ba. Yaran nan sun zo makaranta da sana'ar a hannunsu, tun daga tashe, kuma daga can ya kamata malami ya ɗauko zaren.

A dubi abin da kan faru daga goma ga watan azumi. Bayan an sha ruwa, yara 'yan shekara tara zuwa goma sha biyu, sa'o'in aji huɗu zuwa shida daidai, za su taru a bakin wani zaure. Ɗaya ya samo auduga a liƙa masa a haɓa, ya zura tsohuwar rigar babansa, ya duƙa kan kara yana karkarwa: ya zama tsoho mai gemu. Wani ya rungumo saiwoyi da ganyaye a tsumma ya zama Jatau mai magani. Tsohon gwangwani ya zama ganga. Kafin su shiga gidan farko sun gama gardamar wanda zai ja waƙa da waɗanda za su yi amshi, kuma ba don son kai suke zaɓa ba, don sun san mai sanyin murya ba zai samo musu ko ƙwandala ba. In suka ga matan gida sun ƙyalƙyale da dariya sai su ja wasan. In suka ga maigida ya ɗaure fuska sai su taƙaita su yi gaba. 'Yan mata ma da nasu, irin su Mairama da Daudu, inda ake kwaikwayon zaman aure. Rabon matsayi, haɗa kayan wasa, sarrafa murya da jiki, sanin lokacin shiga da fita, karanta fuskar 'yan kallo: waɗannan su ne ainihin abin da littafin manhaja yake ƙoƙarin fassarawa a allo, ga su kuwa yara suna yi ba malami ba bulala.

Tarihi ma yana goyon bayan wannan fahimta, ko da yake da gargaɗi a cikinsa. Rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa a makaranta aka haife shi. Wasanni shida da R. M. East ya fitar a shekarun 1930 don 'yan makaranta aka yi su. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda aka buga a 1949, tsafta da kiwon lafiya yake koyarwa. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi, har ya zama malamin makaranta, yana shirya wasanni masu sukar zalunci da cuta. Daga baya aka sami Shu'aibu Maƙarfi da Jatau na Kyallu, da Umaru Ɗanjuma Katsina da Kulɓa na Ɓarna a 1979. Gargaɗin shi ne, wannan gado ya saba mana da ɗaukar wasa a matsayin wa'azi kurum. Malami ya riga ya yanke darasin, yara su haddace kalamansa su furta ranar rabon kyaututtuka. Hakan yana da amfaninsa, amma bai koya wa yaro ƙirƙira ba.

Misalan da suka fi kusa da buƙatarmu biyu ne. Janet Beik, a littafinta na 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta nuna yadda ƙungiyoyin samariya irin na Damagaram suke gina wasa ba tare da cikakken rubutu ba: a amince kan zubin labari, kowa ya ƙago maganarsa a wajen gwaji, a yi ta gyarawa har wasa ya zauna. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma, tun zuwan Michael Etherton a tsakiyar shekarun 1970, malamai da ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka suna gina wasa daga matsalolin manoma, har da wanda aka yi a Maska, wadda yau take cikin jihar Katsina. Duka biyun da baki aka fara, alƙalami ya biyo baya. Shi ne tsarin da ya dace da ajin da yara da yawa ba su riga sun iya karatu da sauri ba.

To me makaranta za ta ƙara, in dai yara sun iya? Abubuwan da tashe ba ya bayarwa. Tashe maimaici ne. Tsohon bana shi ne tsohon bara, ba a tambayarsa me yake so ko me ya fito da shi. A aji ana iya tambaya. A ce malamar aji biyar ta ture bencina gefe, ko ta fita da yara gindin darbejiya, ta ba su yanayi guda da suka sani: lokacin kaka, shanu sun shiga gonar wake kafin a kwashe, an kai ƙara gaban mai unguwa. Ta raba su rukuni-rukuni, kowane da manomi da makiyayi da mai unguwa da shaida. Minti goma su shirya, minti uku su nuna. Sannan ta tsayar da wasan ta ce wa wanda ya fito a makiyayi, "Malam Bello, ina ka bi da shanun da aka nome burtali?" Dole yaro ya yi tunani daga cikin rigar wani. Sai a musanya, manomi ya koma makiyayi. A mako na biyu a sake wasan a gyara inda ya yi sanyi; a na uku kowane rukuni ya rubuta maganganunsa a littafi, da sunan mai magana a gefen hagu. Nan ne kalmomi irin su fitowa da kashi da jigo za su sami mazauni, domin yaro ya taɓa abin kafin a raɗa masa suna. Wannan dabara ta malami ya shiga wasa ya yi wa yara tambaya daga ciki ita ce Dorothy Heathcote ta shahara da ita a Ingila, kuma ba ta buƙatar dandamali ko labule.

Abu na biyu da aji yake bayarwa shi ne adalcin rabo. A titi mai baki shi ke cin kasuwa. A aji malama tana iya ba yarinyar da ba a taɓa jin muryarta ba matsayin mai yanke hukunci, ta kuma hana a katse ta.

Batun harshe ba ya kaucuwa. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fara a 1977 ta daɗe a kan cewa harshen uwa ne na koyarwa a shekarun farko, Turanci ya karɓa daga aji huɗu, kafin daga baya a sauya wannan tsari. A gaɓar komawa Turanci ce yara da yawa na karkara suke yin tsit. Ina ganin a bar darasin wasa ya gudana da Hausa, domin ba a ƙago raha ko fushi da harshen da ake tsoron yin kuskure a cikinsa. In wasa ya nuna, a ɗauki gajeriyar fitowa guda, kamar cinikin kasuwa, a juya ta Turanci. Yaro zai faɗi jimlar da ya san abin da take nufi.

Akwai masu ja, kuma jansu ba na banza ba ne. Uba a Kafinsoli da ya ji an ce wasan kwaikwayo, fim ɗin Hausa ne zai faɗo masa a rai, da rawa da waƙa da cuɗanyar maza da mata. Amsarsa ba gardama ba ce. A gayyato shi da liman da 'yan kwamitin makaranta su ga abin da ido, da rana, a filin makaranta. Inda aka fi natsuwa da raba rukunin maza da na mata, a raba, tunda tashe ma haka yake. Ja na biyu daga cikin tashen kansa yake fitowa. Wasu wasanninsa, irin su Macukule, dariyarsu a kan wata ƙabila take, wasu a kan talauci ko naƙasa. Bai kamata a kwaso su aji yadda suke ba, bai kuma kamata a yi kamar babu su ba. Ɗan aji shida ya isa a tambaye shi wa ake yi wa dariya a wasan nan, kuma da yana zaune cikin 'yan kallo yaya zai ji.

Akwai kuma gaggawa a lamarin. Tashe yana ja da baya: a Kano 'yan sanda sun sha dakatar da shi a shekarun nan saboda 'yan daba, a sassan Katsina kuma rashin tsaro ya rage fitar dare. Abin da yara suke koya kyauta a unguwa yana iya komawa sai a makaranta.

Wuyar aikin tana wajen malamai da jarrabawa. Wanda aka damƙa wa darasin sau da yawa ba fanninsa ba ne, shi ma a allo aka koya masa. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina suna kusa. Za su iya sa ɗalibansu masu zuwa koyarwar gwaji su jagoranci irin wannan darasi a makarantun Kankiya da Kusada, malaman ajin suna kallo suna karɓa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, kuma tana da ikon cewa wani kaso na makin darasin ya fito daga abin da yaro ya yi a tsaye: ko ana jin muryarsa daga bayan aji, ko ya saurari abokin wasansa kafin ya amsa, ko ya riƙe matsayinsa har ƙarshen fitowa. Muddin makin duka yana kan takarda, malami zai ci gaba da rubuta ma'ana a allo, kuma ba za a ga laifinsa ba.