Daga bin sawu zuwa tauraron ɗan Adam a ƙasar Arewa

A da, in raƙumi ko jaki ya ɓata a ƙasar Arewa, masu bin sawu ake kira. Su ne ke duba rairayin Dallol Mawri su faɗi inda dabbar ta nufa, da ko tana ɗauke da kaya. Sanin wuri yana hannun mutanen wurin ke nan.

Sai sawun giwa ya taka na raƙumi. A 1898, Faransa da Ingila suka zauna a Faris suka shata iyaka: ta bi tsakiyar Dallol Mawri, sannan ta kewaye Sakkwato da baka mai nisan mil 100. Wannan layi ya ratsa Arewa, ya bar wa Faransawa hanya mai ƙarancin rijiyoyi zuwa Damagaram. Shi ya sa aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906. Daga nan Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi iyakar har zuwa 1908 suna kafa turaku, ayarin Tilho yana auna matsayin garuruwa da taurari da agogo. Garin da dattawa suka sani da sunan rijiyarsa da dutsensa ya koma lambobi biyu bisa taswira.

Lambobin nan biyu su ne GPS ke bayarwa. Amurka ta harba tauraron farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24 masu shawagi a nisan kilomita kusan 20,200. A watan Mayu na 2000 aka cire kuskuren da ake saka wa farar hula da gangan. Ƴar na'urar da ake cusawa ƙarƙashin sitiyarin mota tana sauraron taurari huɗu aƙalla, ta lissafa inda take, ta aika da labarin ta layin salula. Mai mota yana zaune a Yamai, yana ganin motarsa ta bar Dosso, ta shiga Dogon Dutsi, ko ta saki kwalta ta nufi Tibiri.

Amfanin a fili yake in an sace mota ko ta lalace cikin daji. Sai dai direba ba ya ganin mai kallonsa, kuma duk wanda ya samu lambar sirri ya san inda kaya suka kwana. Tambayar 1898 tana nan: wa ke riƙe da sanin wuri, kuma da yardar wa?