'Yan Baranda na Accra da Talakawan Faris

A zamanin juyin juya halin Faransa, masu hannu da shuni sun laƙaba wa talakawan Faris suna "sans-culottes", wato marasa wandon nan mai tsayawa a gwiwa da attajirai da 'ya'yan sarauta ke sawa. Maƙera, masassaƙa, maɗinka da 'yan tireda suka karɓi sunan, suka mai da shi tutar alfahari. Su ne suka afka wa kurkukun Bastille a 14 ga Yuli 1789, suka kutsa fadar Tuileries a 10 ga Agusta 1792. A 1793 suka tilasta wa majalisa ƙayyade farashin kayan masarufi. Da suka sake tashi neman burodi a 1795, sojoji aka aika musu.

Accra ma ta ga irin wannan. A 28 ga Fabrairu 1948 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe tsofaffin sojoji uku, Adjetey, Attipoe da Odartey Lamptey, a kan hanyarsu ta kai kuka fadar gwamna. Tarzoma ta ɓarke, aka wawashe kantunan Turawa. Rundunar da suka yi wa aiki cike take da 'yan Arewa, Hausa ce harshen bariki, kuma bayan yaƙi da yawa sun zauna a zango-zango irin su Nima.

Sa'ad da Kwame Nkrumah ya kafa CPP a 1949, lauyoyin UGCC suka raina magoya bayansa, suna ce musu "'yan baranda", wato samarin da ba su da ɗakin kwana sai barandar masu kuɗi. Su ma suka rungumi sunan, suka kai jam'iyyar ga nasara a zaɓen 1951.

Mutanen zango kuwa sun rabu: wasu a CPP, wasu a jam'iyyar Musulmi ta MAP. A 1957, shekarar samun 'yancin kai, gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba na zangon Kumasi zuwa Nijeriya, ta kuma haramta jam'iyyun addini. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, har da waɗanda a Ghana aka haife su.

A biranen biyu, talaka ya samu daraja muddin ana bukatarsa a kan titi. Da mulki ya zauna da gindinsa, takarda aka fara tambayarsa.