Hauhawar enzayim a cikin jini a nau'o'in ƙarancin jini

Enzayim furotin ne da ke hanzarta ayyukan sinadarai a jiki. Yawancinsu suna zaune ne a cikin ƙwayoyin halitta, ɗan kaɗan ne ke yawo a ruwan jini. Idan ƙwayoyi suka fashe da yawa, sai abin da ke cikinsu ya tsiyaye, adadin enzayim ɗin ya hau a gwaji. Likitoci na amfani da wannan wajen bambance ƙarancin jinin da ke zuwa daga lalacewar jajayen ƙwayoyi da wanda ke zuwa daga gazawar jiki wajen samar da su.

LDH

Enzayim ɗin da aka fi aunawa shi ne laktet dihaidirojines, wato LDH. Jajayen ƙwayoyin jini na ɗauke da shi fiye da ninki 100 na abin da ke cikin ruwan jini, shi ya sa fashewa kaɗan ke bayyana a sakamako. Yana da iri biyar: LDH-1 da LDH-2 sun fi yawa a zuciya da jajayen ƙwayoyi, LDH-5 kuma a hanta da tsoka.

Hawa mafi tsanani ana ganinsa ne a ƙarancin jinin da rashin bitamin B12 ko folet ke haifarwa, inda adadin kan kai dubbai a kowace lita, alhali na lafiyayyen baligi bai cika wuce 280 ba a ma'aunin ɗakunan gwaji da yawa. Ɓargo yana ta ƙera ƙwayoyi manya marasa ƙwari, amma da yawansu na mutuwa tun a cikin ɓargon kafin su fito. A nan LDH-1 kan zarce LDH-2, saɓanin yadda suke a jinin mai lafiya. Da an fara ba wa majiyyaci bitamin ɗin da ya rasa, adadin kan fara sauka cikin 'yan kwanaki.

A cututtukan da ke fasa ƙwayoyi bayan sun fito, LDH ya fi hawa idan fashewar a cikin jijiyoyin jini take, fiye da idan saifa ce ke cinye su. Sikila, wadda ake kira amosanin jini, na cikin wannan rukuni: jan ƙwayar mai lafiya na yin kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kawai. Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, domin ita ce ƙasar da aka fi haihuwar jarirai masu cutar a duniya. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma yana ɗaga LDH.

Ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe, wanda ya fi kowanne yawa, ba ya ɗaga shi. Haka nan wanda ɓargo ya daina aiki, tunda babu ƙwayoyin da za su fashe.

Sauran enzayim

AST na iya hawa kaɗan saboda shi ma yana cikin jajayen ƙwayoyi, yayin da ALT, wanda ya fi zama a hanta, yake tsayawa daidai. Idan duka biyun suka hau sosai, hanta ake fara zargi. A cutar Diamond-Blackfan, wadda ake gado kuma take bayyana tun ana jariri, enzayim ɗin ADA na cikin jajayen ƙwayoyi yana hawa a mafi yawan majiyyata.

G6PD kuwa ƙarancinsa ne cuta, amma yana da tarko: a lokacin da jini ke fashewa, tsofaffin ƙwayoyi sun mutu, sababbin da suka rage suna da enzayim ɗin da yawa, sai gwaji ya nuna kamar lafiya lau. Don haka ake sake gwajin bayan kimanin wata uku.

Iyakar gwajin

LDH shi kaɗai ba ya tabbatar da cuta, domin ciwon hanta, bugun zuciya, raunin tsoka da wasu nau'o'in sankara duk suna ɗaga shi. Ana haɗa shi da ƙidayar sababbin jajayen ƙwayoyi, da bilirubin, da haftogulobin wanda ke raguwa idan jini na fashewa, da kuma duba jinin a madubin likita. Kuskuren da aka fi samu ma daga wajen ɗibar jini yake: siririyar allura, girgiza kwalba da ƙarfi, ko barin jini ya daɗe ba a raba ruwansa ba, duk suna fasa ƙwayoyi a cikin kwalbar, LDH da fotashiyam su hau ba tare da majiyyaci na da matsalar ba.